Likitan Ƙwaƙwalwa: Ɗaci da Zaƙin Sana'ar da Ake Rage Murya Kafin a Ambata

Duk shekara idan lokacin neman gurbin horon ƙwarewa ya zo, nakan samu matashin likita ɗaya ko biyu su shigo ofishina, su tura ƙofa, su zauna a bakin kujera, sannan su ce, "Yallaɓai, ina tunanin shigowa ɓangarenku, amma ban gaya wa kowa a gida ba tukuna." Ban taɓa ganin wanda zai shiga tiyata ko ɓangaren haihuwa ya tura ƙofa kafin ya faɗa ba. Wannan tura ƙofar ita ce kuɗin shiga na farko da ake biya a wannan sana'a. Na rubuta wannan ne don irin waɗannan matasa, da iyayen da suka sayar da gona ko suka yi adashi suka kai su makarantar likitanci, waɗanda su ma suna da haƙƙin sanin inda yaransu suka nufa.

Sai mun fara gyara suna, domin a Hausa kalmar "likitan ƙwaƙwalwa" ta haɗe mutum uku. Akwai mai buɗe ƙoƙon kai ya cire ƙari ko jinin da ya taru bayan haɗarin mota, wannan ɗan tiyata ne. Akwai mai duba shanyewar ɓarin jiki da cututtukan jijiyoyi. Sai na uku, wanda muke magana a kansa, mai kula da cututtukan da ke taɓa tunani da hali da yanayin zuciya: ciwon damuwa mai tsanani, fargaba, taɓin hankali, kamun ƙwaya, ruɗewar tsufa, da matsalolin yara irin su rashin natsuwa. Cikakken likita ne, ya yi karatun da kowane likita ya yi, yana rubuta magani, yana ba da gado. Daban yake da masanin halayyar ɗan Adam, wanda shi magani da zance yake yi ba ya rubuta ƙwaya, ko da yake tare suke aiki kamar ɗan jumma da ɗan jummai.

Hanyar doguwa ce. Shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta yi wa ƙasa hidima, sannan jarrabawar share fage. Daga nan sai horon ƙwarewa a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko kwalejin likitocin Afirka ta Yamma, wanda ke cin shekara 5 zuwa 6 da manyan jarrabawa biyu da kundin bincike. Idan ba yajin aiki, ba faɗuwa, ba jiran gurbi, mutum zai yi shekara 13 ko 14 daga ranar da ya shiga jami'a zuwa ranar da za a kira shi babban likita. A wannan ɓangaren tsawon hanyar bai bambanta da na sauran ba, don haka ba zan daɗe a kai ba. Wuraren horo kuma akwai su a kusa: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma sassan da ke asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Jos.

Abin da ya bambanta shi ne sunan da za a liƙa maka bayan duk wannan wahala. "Likitan mahaukata." Za ka ji shi a bakin gwaggo a wajen biki, za ka ji shi a bakin abokin karatunka da ya shiga tiyata, kuma wannan na biyun ya fi ciwo. Akwai camfin da ya zauna daram a zukatan mutane, har da masu ilimi, cewa wanda ya daɗe da masu taɓin hankali shi ma sai ya taɓu. Ƙarya ce tsagwaronta, taɓin hankali ba mura ba ne da ake ɗauka. Amma ƙaryar tana da ƙafa. Na san likita mace da dangin manemin aurenta suka fara jan ƙafa da suka ji ɓangaren da take aiki. Ba na faɗa wa matashi ya raina wannan, domin wanda bai iya jure kallon da ake wa majinyacinsa ya fantsamo a kansa ba, zai yi shekaru yana ɓoye aikinsa kamar abin kunya, kuma majinyata suna gane hakan tun kafin ya buɗe baki.

Sai maganar kuɗi, wadda matasa ke jin nauyin tambaya amma ita ke cin su a rai. A asibitin gwamnati tsarin albashin ɗaya ne, babban likitan ƙwaƙwalwa da babban likitan tiyata masu matakin aiki ɗaya ba su da wani babban bambanci a takardar albashi. Tazarar tana fitowa ne da yamma, a asibitin kuɗi. Ɗan tiyata zai yi aiki ɗaya na awa biyu ya samu abin da kai sai ka ga mutane da yawa kafin ka haɗa. Kai ba ka da wuƙa, ba ka da na'ura, abin da kake sayarwa lokacinka ne da kunnenka, kuma mutanenmu ba su saba biyan kuɗin zance ba. Wani zai ce, "Likita, ko allura ba ka yi masa ba." Ƙari a kan haka, cutar da kanta tana talauta mai ita. Wanda ya yi shekara uku bai je kasuwa ba, kuma an riga an ƙarar da akuya da tunkiya a wajen masu magani kafin a zo gare ka, ba shi ne zai gina maka bene ba. Wanda burinsa tara dukiya da sauri, gaskiya ita ce ya duba wata ƙofar.

Ga kuma ƙarancin hannu. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Najeriya ta sha nanata cewa adadinsu a cikin ƙasar bai kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. Wannan lamba fuska biyu gare ta. Ta wata fuskar, ranar ganin likita za ka fito ka tarar da layi ya cika baranda tun asuba, mutane sun kwana a mota daga ƙauyuka, kuma aikin da ke buƙatar minti arba'in ga sabon majinyaci sai ka tsinci kanka kana yin sa a minti goma. Wannan yana cin rai, domin ka san abin da ya kamata ka yi, ka san ba ka yi ba. Ta ɗaya fuskar, babu ranar da za ka rasa aiki. Jami'o'i na neman malamai, ƙungiyoyin agaji a arewa maso gabas na neman ƙwararru tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009 ya bar dubban mutane da firgicin abin da idonsu ya gani, kotuna na neman mai tantance hankalin wanda ake tuhuma. Ingila da Kanada da Saudiyya ma suna nema, kuma nan ne ramin da ke shanye mana mutane: da yawa daga waɗanda muka horar suna gama jarrabawa suke haɗa jaka. Ba na zagin wanda ya tafi, kowa ya san nauyin gidansu. Amma duk wanda ya tafi, layin barandar nan wani ne zai gaje shi.

Yanzu na zo inda nake so in daɗe, domin a ganina nan ne zuciyar maganar take. A yawancin fannonin likitanci akwai abin da zai yi maka shaida: hoton ƙirji, gwajin jini, awon sukari. A nan babu gwajin jinin da zai ce maka wannan ciwon damuwa ne, babu hoton da zai nuna maka muryoyin da mutum ke ji. Da baki ake gano cutar, da kunne ake awonta. Ke nan harshe shi ne kayan aikinka, kamar yadda wuƙa take ga ɗan tiyata.

Bahaushiya ba ta zuwa ta ce tana da ciwon damuwa. Cewa za ta yi kanta na ɗaukar zafi, ko wani abu na yi mata yawo a jiki daga ƙafa zuwa wuya, ko ƙirjinta ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, ko kuma ta ce tunani ya yi mata yawa. Ta sha maganin maleriya da na taifot sau ba adadi, an yi mata ƙarin ruwa a kemis, ba sauƙi. Sai ka zauna, ka tambayi barcinta, ka tambayi ko abinci na yi mata daɗi, ka tambayi yaushe rabon da ta je suna ko biki da son ranta, sannan a hankali ka tambayi zaman gida. Kuma ba a gaban miji ko uwar miji za ka yi wannan tambayar ba. Sai ka san yadda za ka ce, "Alhaji, don Allah a ɗan ba mu wuri," ba tare da ya ji an ci masa fuska ba. Likitan da ke magana ta bakin tafinta zai rasa rabin wannan, domin tafinta yakan gyara magana, ya rufe abin kunya, musamman idan ɗan'uwa ne.

Akwai abin da ya fi wannan wuya. A cikin al'ummar da kusan kowa ya yarda da samuwar aljanu da sammu da kambun baka, idan dattijo ya ce maka an yi masa asiri, wannan kaɗai ba alamar cuta ba ce, maƙwabcinsa mai cikakkiyar lafiya ma zai iya faɗin haka. Aikinka shi ne ka gane inda maganar ta bar hanyar da jama'a suka sani ta shiga wata daban: lokacin da ya ce rediyo da shi take magana, ko an dasa masa wani abu a ka ana karanta tunaninsa, har danginsa da suka yarda da asiri suka ce, "A'a, wannan ba daidai yake ba." Wanda ya tashi cikin mutanen nan, ya san inda iyakar take ba tare da an zana masa ba. Wannan ne ya sa nake cewa Bahaushe ko wanda ya ƙware a Hausa da ya shiga wannan fanni yana riƙe da abin da ba a iya shigo da shi daga waje. Ana iya kawo ɗan tiyata daga Masar ko Indiya ya yi aiki lafiya lau ba tare da ya iya gaisuwa ba. A nan hakan ba ta yiwuwa.

Kuma kusan kullum kai ne zangon ƙarshe. Kafin a kawo maka mutum an je wajen malam, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu, wani an kai shi gidan mari. Za ka ga tabon sasari a idon sawu, wani har ya zama gyambo. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa ɗaure da mari, kuma makonni kaɗan bayan haka aka sake ganin irinsa a Daura. Duniya ta yi ta Allah wadai, amma wanda ke aiki a wannan fanni bai yi mamaki ba, kuma ya san yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rasa mafita ce. Matashin likita yakan fara da fushi da malamai da masu maganin gargajiya. Da shekaru suka ja na koyi cewa faɗa da su asarar majinyaci ce. Idan na ce wa uba ya daina addu'a ya koma ƙwaya, ba zan sake ganin ɗansa ba. Abin da nake cewa shi ne, "Baba, a ci gaba da addu'a, amma a cire marin, kada a dake shi, kuma kada a ajiye wannan maganin ko da ya warware." Ba sabon tunani ba ne. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara shi a Aro ta Abeokuta tun 1954, inda ya sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu maimakon kulle su, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ke ganin wannan fanni ba shi da daraja, ya tuna cewa ɗaya daga likitocin Najeriya da suka fi ɗaukaka a idon duniya daga nan ya fito.

Ana yawan ce wa ɗalibai majinyatanmu ba sa warkewa. Wannan rabin magana ce. Cikin kowace haihuwa 1,000 ana samun mace ɗaya ko biyu da hankalinsu ke gushewa a kwanakin jego. Za a kawo ta ba ta barci, tana surutai, ta ƙi jaririn ko tana tsoron za a sace shi, dangi sun tabbata gamo ta yi. Bayan 'yan makonni na magani sai ka shigo zagaye ka tarar tana shayar da ɗanta, ta gaishe ka cikin kunya tana jan mayafi. Ban san wani farin ciki a likitanci da ya fi wannan ba. Haka mai ciwon damuwa da ya daina magana ya daina cin abinci, ya dawo ya buɗe shagonsa. Kafin 1952, lokacin da likitoci a Faransa suka fara gwada maganin kulofuromazin a kan masu taɓin hankali, hanyoyin maganin da duniya ke da su kaɗan ne, galibi ɗauri da kulle ake yi. Yau akwai magunguna iri-iri, har da allurar wata-wata ga wanda ba ya jure shan ƙwaya kullum.

Ɗaya rabin kuma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Cutar da muke kira sikizofireniya, mai sa jin muryoyi da ruɗewar tunani, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kama kusan mutum 1 cikin 300, da wata cutar mai sa mutum ya hau sama da zumuɗi sannan ya faɗo ƙasa da baƙin ciki, galibi zama ake yi da su kamar hawan jini ko ciwon sukari. Majinyaci zai samu sauƙi, dangi su ce ya warke, kuɗin magani ya yi nauyi, a daina, bayan wata shida a dawo da shi a ɗaure a bayan a-kori-kura. Tsofaffin magunguna masu araha suna sa taurin jiki da rawar hannu da dalalar yawu, sababbi suna sa ƙiba da sukari kuma suna da tsada, ga shi yawanci daga aljihu ake biya. Sau da yawa abin da kake rubutawa shi ne abin da aljihun uban zai iya ɗauka wata bayan wata, ko da ka san akwai wanda ya fi shi.

Sai shaye-shaye, wanda yanzu ya cika gadajenmu. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A watan Mayu na shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma tiramol da wiwi da sauransu ba su tafi ko'ina ba, kuma matan aure na cikin masu sha. Wannan aiki yana buƙatar haƙurin da ba kowa ke da shi ba. Yaro zai yi wata uku a hannunka, ya fita fes, ya koma majalisar da ya baro. Idan kai mai saurin yanke wa mutum hukunci ne, za ka gaji da su, su ma su gaji da kai.

Game da tsoron duka, mafi yawan majinyatanmu ba sa taɓa kowa, sun fi zama waɗanda ake cuta a titi. Amma a ɗakin da ake karɓar waɗanda ciwon ya tasar wa, ana iya kai maka hannu, kuma ana koyon inda ake zama da yadda ake sassauta murya. Abin da ya fi duka nauyi shi ne ranar da za a kira ka a ce wanda ka gani makon jiya ya kashe kansa. Za ka koma fayil ɗinsa ka karanta layi-layi kana neman abin da ya kuɓuce maka. Kuma a ƙasar da dokar laifuka ta daɗe tana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifin ɗaurin shekara 1, dangi sukan ɓoye yunƙurin farko, wanda shi ne gargaɗin da ka fi buƙata.

Akwai kuma wani iko da kusan babu likitan da ke da shi sai kai: ikon tsare baligi a asibiti ba da yardarsa ba. Shekaru da dama dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawan mulki, ita ke aiki, sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta fayyace haƙƙin majinyaci da ƙa'idar kwantar da shi ba da son ransa ba. Doka a takarda daban, aiki da ita daban, kuma waɗanda ke shigowa yanzu su ne za su ɗora ta a ƙasa. Za a kawo maka wanda lafiyarsa ƙalau, rigimar gado ce ko ta aure ta sa ake so a ce ya taɓu. Sa hannunka zai iya raba mutum da dukiyarsa ko mace da 'ya'yanta. Wanda ba ya iya ce wa mai kuɗi ko mai sarauta a'a, wannan kujera ba tasa ba ce.

Ta fannin rayuwar gida, aikin kwana a nan ya fi sauƙi a kan na ɗakin haihuwa ko tiyata, ana samun lokacin iyali da karatu, kuma sana'a ce da tsufa ke ƙara wa kyau tun da ba ƙarfin hannu take buƙata ba. Sai dai kada wanda ke gudun wahala ya ɗauka mafaka ce. Wanda aka kawo yana sambatu zai iya kasancewa maleriya ce ta hau kansa, ko sanƙarau, ko sukarinsa ne ya faɗi, ko ƙodarsa ta tsaya. Idan ka manta da likitancin jiki ka yi masa allurar barci, ka kashe shi.

Idan aka tambaye ni, ina goyon bayan a shigo, musamman mata, domin akwai maganganun da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba ko da likita ne. Amma ba na bari kowa ya yanke shawara a ofishina. 'Yan makonnin da ɗalibi ke yi a ɓangarenmu lokacin jami'a ba su isa ba, galibi a ɗakin masu tsananin ciwo ake zagayawa da su, ba sa ganin waɗanda suka warware. Abin da nake ce wa mai tura ƙofar shi ne ya nemi izini ya zo ranar ganin marasa lafiya na waje, ya zauna a gefena mako biyu daga safe har layin ya ƙare, ya ga malamin makaranta da ɗan kasuwa da mai jego da suka zo karɓar magani su koma aikinsu. Sannan ya je gida ya gaya wa mahaifiyarsa da bakinsa. Ta ƙarshe da ta yi hakan, mahaifiyarta ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ta ko za a iya kawo wani ƙaninta da ke kulle a ɗaki a ƙauye shekara takwas. An kawo shi ranar Talata.